Alherin Allah Ba Biki Ba Ne: Ina Matsayin Addu'a da Aikin Kirki?

Wata Laraba da yamma a Garwa, a arewacin Kamaru, bayan an tashi daga nazarin Littafi Mai Tsarki, wata dattijuwa 'yar zumuntar mata ta tsayar da ni a gindin dogon yaron da ke bakin majami'a. Ayar da muka duba a ranar ita ce Afisawa 2:8-9, inda Manzo Bulus yake cewa ta wurin alheri aka cece mu, ta hanyar bangaskiya, kuma wannan baiwar Allah ce, ba ladan aikinmu ba, don kada wani ya yi fariya.

Ta ce, "Ɗana, na ji ka ce kyauta ce. To, shekara 30 da na yi ina tashi tun kafin carar zakara ina durƙuso, da azumin da nake yi, da baikon da nake cirewa daga ribar ƙosai, duk a bakin me suke?"

Na ce, "Mama, ai ba a banza suke ba."

Ta ce, "In ba a banza suke ba, ashe ba kyauta ba ce ke nan." Ta gyara ɗaurin kallabinta ta yi gaba, ta bar ni tsaye.

Tambayarta ta fi amsata nauyi, kuma ba ita ta fara yin ta ba. A kanta ne malaman ikkilisiya suka yi ta ja-in-ja fiye da shekara 1,500. Ina ganin rabin wuyar maganar, a wurinmu masu jin Hausa, tana cikin kalmar "alheri" ita kanta.

A bakin Bahaushe, alheri abu ne da yake tafiya ya dawo. Muna cewa alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Muna cewa alheri gadon barci ne. Duk waɗannan gaskiya ne a zaman tare, amma a lura da abin da ke ƙarƙashinsu: mai yin alheri yana shimfiɗa wa kansa ne. Mata sun fi kowa sanin haka. Ranar suna ko aure, akwai wadda take zama da littafi da biro tana rubuta wadda ta kawo sefa 2,000, da wadda ta kawo turmin atamfa, da wadda ta kawo kwano da sabulu. Ba don a manta ake rubutawa ba. Ranar da nata bikin ya zo za a buɗe littafin, a rama, sau da yawa ma a ƙara. Wadda ta kasa ramawa ta san irin kallon da za a yi mata. Ba na kushe biki. Da shi talaka yake aurar da 'yarsa ba tare da ya sayar da gonarsa ba. Amma sunansa kyauta, jikinsa bashi.

Manomin auduga ma ya san wani irin nasa. A farkon damina ana ba shi iri da taki da maganin feshi, bai biya ko dala ba. Ranar awo kuwa, kafin kuɗi su shiga hannunsa an zare na taki. Mutumin da ya tashi cikin biki da adashi da bashin taki, in aka ce masa Allah ya yi masa alheri, abin da zai fara zuwa masa a rai shi ne: yaushe za a buɗe littafin, nawa kuma ake bi na?

Kalmar da Bulus ya yi amfani da ita a Helenanci, wadda masu fassara suka mayar "alheri" tun a cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa da ya fito a 1932, tana nufin tagomashin da aka yi wa wanda bai cancanta ba, ba kuma zai iya ramawa ba. A Romawa 4:4 ya bambanta kyauta da lada a fili: mai aiki in an biya shi, ba a ce masa kyauta, hakkinsa ne. A Romawa 11:6 ya ƙara da cewa in da ta wurin aiki ne, da alherin ya daina zama alheri. Wato ba a gauraya su, kamar yadda ba a cewa mace tana da rabin ciki.

Misalin da ya fi sosa wa mutane rai shi ne na Matiyu 20. Mai garka ya ɗauki 'yan ƙodago tun da sassafe a kan dinari ɗaya, ya ƙara ɗaukar waɗansu da hantsi, da tsakar rana, da azahar, har da waɗanda ya tarar suna zaune saura awa ɗaya a tashi. Da yamma ya biya kowa dinari ɗaya. Duk wanda ya taɓa yini yana tsinkar auduga a zafin ranar Garwa zai ji haushin da na farkon suka ji, ni ma ina jin sa duk sa'ad da na karanta. Amma a duba da kyau, ba wanda aka ƙwara. Na safe sun sami abin da aka yi jinga da su. Abin da ya ɓata musu rai shi ne an yi wa wani abin da bai yi guminsa ba. Dattijuwar nan tawa, da shekarunta 30 na durƙuso, tana cikin 'yan safe. Yawancinmu da muka tashi a cikin ikkilisiya a nan muke, shi ya sa wa'azin alheri yakan fi yi wa sabon tuba daɗi.

Gardamar ta fara zafi ne a nahiyarmu. A farkon ƙarni na 5, wani malami mai suna Pelagius, mutumin tsibirin Birtaniya, ya koyar cewa tun da Allah ya umarci mutum ya yi nagarta, to lalle mutum yana da ikon yin ta da kansa. Agustin, bishof na Hippo, garin da yanzu ake kira Annaba a Aljeriya, ya ce a'a: zunubi ya raunana nufin mutum har ya kai ko son yin nagartar ma sai Allah ya sa shi a zuciya. Taron bishof-bishof da aka yi a Kartaj a shekarar 418 ya ƙi koyarwar Pelagius. Bayan kusan shekara 1,100 maganar ta sake tashi a Jamus, a 1517, lokacin da Martin Luther ya yi tsayayya da sayar da takardun sassaucin horon zunubi. Matsayinsa shi ne Allah yana karɓar mai zunubi a matsayin mai adalci saboda Almasihu kaɗai, ta wurin bangaskiya kaɗai. Ikkilisiyar Katolika ta ba da tata amsar a taron Trent a 1547. Ita ma ta ce alheri ne yake fara zuwa, ba mai sayensa, amma ta nanata cewa alherin yana sabunta mutum daga ciki, mutum kuma yana ba da haɗin kai.

Wannan ba labarin Turawa kaɗai ba ne, domin 'ya'yan ɓangarorin biyu suna zaune ƙofa da ƙofa a arewacin Kamaru. Masu bishara 'yan Lutheran daga Amurka da Norwe sun iso yankin nan a shekarun 1920, har Ngaundere ta zama cibiyarsu. Limaman Katolika na ƙungiyar Oblat sun iso a 1946. Da yawa a cikinmu muna da ƙanwa a wannan ikkilisiya, kawu a waccan. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne a ranar 31 ga Oktoba 1999, a birnin Augsburg na Jamus, wakilan Katolika da na Tarayyar Lutheran ta Duniya sun sa hannu a kan takarda ɗaya, suna cewa ta wurin alheri kaɗai, cikin bangaskiya ga aikin ceto na Almasihu, ba don cancantarmu ba, Allah yake karɓar mu, ya ba mu Ruhu Mai Tsarki wanda yake kiranmu ga ayyuka nagari. Sauran bambance-bambance suna nan, ba a share su ba. Amma a kan wane ne ya fara miƙo hannu, sun yi magana da baki ɗaya.

To, in alheri ne ya fara, mene ne aikin bangaskiya? A nan Hausa ta taimake mu. Bangaskiya "ban gaskiya" ce, kamar ban ruwa da ban hannu da ban kwana: ka ba wani gaskiya, ka ce maganarsa tabbas ce har ka jingina da ita. Ka ɗauki mai aika kuɗin makarantar ɗansa daga Garwa zuwa Marwa ta hannun direba. Wani ya miƙa kuɗinsa hankali kwance ga macuci, kuɗin suka salwanta. Wani ya miƙa nasa hannu na rawa, ya kwana bai runtsa ba, amma direban mai amana ne, kuɗin suka isa. Abin da ya kai saƙon shi ne halin direban. Ƙarfin zuciyar mai aikawa bai ƙara wa motar gudu ba. Abin da ake bukata gare shi ɗaya ne, ya saki kuɗin.

Ina nanata wannan ne domin akwai wa'azin da ya mayar da bangaskiya wani irin ƙarfi da mutum yake tarawa a ƙirjinsa, wai in ya kai mudu kaza sai Allah ya motsa. Marar lafiya in bai warke ba, sai a ce masa bangaskiyarsa ce ta gaza, ya koma gida da ciwo biyu. Amma a Markus 9:24, uban yaro mai farfaɗiya ya ce wa Yesu ya ba da gaskiya, a taimake shi a kan rashin bangaskiyarsa. Rabi da rabi yake, ya kuma faɗa da bakinsa. Yesu bai ce ya je ya cika ta tukuna ba, ya warkar da yaron. Ita kuwa maganar "shuka iri", inda ake cewa ka ajiye sefa 10,000 a gaban bagade Allah zai mayar maka 100,000, wannan biki ne aka sa wa rigar bishara. A Ayyukan Manzanni 8, Siman na Samariya ya miƙa wa manzanni kuɗi don ya sayi baiwar Allah, amsar da Bitrus ya ba shi kuwa ba mai daɗin ji ba ce. Bayarwa tana da kyau, majami'a ba ta rufa kanta da kwano, amma mai bayarwa ba ya bin Allah bashi.

Sai addu'a, inda tambayar dattijuwar ta fi cizo. In Allah ya riga ya san bukatarmu kafin mu roƙa, kamar yadda Yesu ya faɗa a Matiyu 6:8, me ya sa za a roƙa? Abin lura shi ne nan take bayan wannan maganar ya koya wa almajiransa addu'a, ya kuma fara ta da "Ubanmu". Sanin da Uban ya yi shi ne dalilin da ya sa ba sai an yi ta maimaita kalmomi barkatai ba, ba dalilin yin shiru ba ne. Ɗan gida ba ya rubuta takardar neman tuwon dare, amma gidan da ɗa ba ya gaida ubansa, ba ya gaya masa abin da ke damunsa, sai dai ya ci ya fita, kowa ya san akwai abin da ya lalace a gidan. Gaisuwar ba ita ta mai da shi ɗa ba. Don shi ɗa ne yake yin ta.

Yesu ya ba da misalin mutum biyu da suka shiga Haikali, a Luka 18. Bafarisiye ya tsaya yana lissafi: azumi sau biyu a mako, zakka daga dukan abin da ya samu. Ba ƙarya ya yi ba, ya yi su duka. Amma ya zo ne da littafin bikinsa. Mai karɓar haraji kuwa ya tsaya daga nesa, ya kasa ko ɗaga kai, yana roƙon jinƙai. Shi ne ya koma gida karɓaɓɓe. Azumi da zakka ba su ne laifin na farkon ba, abin da ya ɗauke su ne laifin.

Akwai wuri mai wuya da ba na son in tsallake. A sansanin Minawao, kusa da Mokolo, wanda aka buɗe a 2013, akwai dubban mutanen da suka gudo daga Najeriya saboda Boko Haram, cikinsu har da Kiristocin yankin Gwoza masu sujada da Hausa. A ƙauyukan Mayo Tsanaga da Mayo Sava ma an ƙone gidaje da majami'u da masallatai. Mutanen nan sun yi addu'a. Wanda zai ce musu ƙarancin bangaskiya ne ya jawo musu, bai karanta littafinsa ba. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku ya cire masa abin da ya kira ƙaya a jiki, ba a cire ba, aka ce masa alherin ya ishe shi (2 Korintiyawa 12:7-9). Yesu kansa a Getsamani ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, ya kuma sha shi. A cikin Zabura 150 akwai masu yawa da kuka ne zalla. Ta 13 tana tambayar Allah har yaushe zai manta da mai roƙo, ta 88 kuwa ta ƙare a cikin duhu, ba ko kalmar ta'aziyya a ƙarshenta. An bar su a cikin Littafi Mai Tsarki, ba a goge ba. Koyarwar Kirista ba ta yi alkawarin cewa kowace addu'a za ta dawo da abin da aka roƙa ba. Abin da ta ce shi ne ana jin mai roƙo, har sa'ad da kalma ta ƙare masa Ruhu yana roƙo dominsa da nishin da ba ya faɗuwa (Romawa 8:26). Na san wannan ba ya mayar wa gwauruwa mijinta. Amma ya fi a ɗora mata laifin mutuwarsa.

Saura aiki. Yakubu ya ce bangaskiyar da ba ta da ayyuka matacciya ce (2:17), waɗansu kuma suna ɗauka ya yi karo da Bulus. Bai yi ba. Bulus yana magana a kan abin da yake sa a karɓi mutum, Yakubu yana magana a kan yadda ake gane wanda aka karɓa. Ayar da ke bin waɗanda muka karanta a ranar Larabar nan, Afisawa 2:10, cewa ta yi an halicce mu cikin Almasihu domin ayyuka nagari. Laifina ne da na tsaya a aya ta 9.

Hoton da ya fi zauna mini a rai na same shi ne a filayen da ke kewaye da Marwa. Wanda ya bi hanyar nan a watan Disamba zai ga abin mamaki: ruwan sama ya ɗauke tun Oktoba, ciyawa ta bushe, ƙasa ta tsattsage, amma ga dawa kore shar har iyakar gani. Masakwa ke nan, wadda Fulani suke kira muskuwari, mutanen Chadi kuma berbere. Ana dasa ta ne bayan damina a baƙar ƙasa mai laka, wadda ake kira karal, ta rayu da danshin da ƙasar ta sha ta riƙe, a girbe ta wajen Fabrairu. Manomin bai yi ruwan ba, bai kuma saye shi ba. Kafin ya dasa ko tsiro ɗaya, danshin yana nan a ƙarƙashin ƙafarsa. Amma je ka ga wahalar da yake sha: ya yi reno tun damina, ya sassabe filin, ya huda rami ɗaya bayan ɗaya da ƙarfe ko sanda mai tsini, ya zuba ɗan ruwa, ya sa dashe, sa'an nan ya yi ta fama da tsuntsaye. Ba wanda zai ce guminsa ne ya kawo danshi. Ba kuma wanda zai ce tun da danshi kyauta ne, bari ya kwanta a inuwa. Saboda danshin yana nan ne aikin yake da amfani. Je ka yi irin wannan wahalar a kan tsandauri ka gani. Haka Bulus ya haɗa su a Filibiyawa 2:12-13: ku yi ta aikin cetonku, gama Allah ne yake aiki a cikinku, shi ne mai sa ku yi niyya, ku kuma aikata.

Ayyukan kuwa ba na ranar Lahadi ba ne kawai. Titus 2:11-12 ya ce alherin yana horar da mu mu yi zaman kamunkai da adalci da ibada a wannan zamani. Wannan yana sauka ne a kan mudun da ba a buga masa gindi ba, gama Karin Magana 11:1 ta kira ma'aunin algus abin ƙyama ga Ubangiji. Yana sauka a kan ladan 'yar aiki da ake ja mata har wata ya zagayo, a kan bashin da aka ci aka sauya hanya don kada a gamu da mai shi, a kan yadda ake magana da maƙwabci Musulmi da ake shan ruwan rijiya ɗaya da shi. Mutanen Tokombere har yau suna tuna Simon Mpeke, wanda suke kira Baba Simon, limamin Katolika daga kudancin Kamaru da ya zo arewa a 1959, ya yi ta hawan duwatsu ba takalmi yana zama da mutanen da waɗansu suke rena wa, har rasuwarsa a 1975. Ba wa'azinsa aka fi ba da labari ba, zamansa ne.

Wurin da aka fi gane ko mutum ya fahimci alheri shi ne gafara. A Matiyu 18, sarki ya yafe wa bawansa bashin talanti 10,000. Talanti ɗaya kusan dinari 6,000 ne, dinari kuwa ladan yini ɗaya, wato ladan yini miliyan 60, abin da ko jikokin jikokinsa ba za su biya ba. Bawan ya fita ya shaƙe wuyan ɗan'uwansa a kan dinari 100. Ba a ce dinari 100 ba kuɗi ba ne, aikin fiye da wata uku ne. Amma mutumin ya fito daga gaban sarki da littafinsa a hammata, kamar ba nasa aka yage ba.

Larabar da ta biyo na nemi dattijuwar kafin a fara. Na ba ta labarin masakwa, na kuma karanta mata aya ta 10. Ta saurara har na gama, sa'an nan ta ce, "Ɗana, ni 'yar Diyamare ce, can yankin Marwa, na dasa masakwa tun ba a haife ka ba. Wannan na gane." Ta yi shiru kaɗan. "Amma maganar 'yan ƙodagon nan da aka biya daidai, har yanzu ba ta kwanta mini ba."

Na ce, "Ni ma haka, Mama."

Ta miƙo mini ƙosai a ƙunshe cikin takarda. Na sa hannu a aljihu, ta harare ni, na fitar da hannun.